Yana Waje: Shafi na 14

Masu aiko min saƙo kuna cewa in sassauta wa Baba, na ji ku. Ku karanta wannan shafin tukuna. Wanda kuma yau ya shigo, ga inda muke: Auta, mai tace sauti a gidan rediyo, ta nemi tallafin karatun digiri na biyu a ƙasar waje, irin wanda gidauniya ke ɗaukar komai, daga jirgi har ɗakin kwana. Yau da la'asar za a yi mata intabiyu ta bidiyo. Baba ya ce bai yarda ba, ya kuma ƙi faɗin dalili, alhali shi ne ke alfahari da yayanta da ya tafi da irin wannan tallafin shekaru da suka wuce.

*

Aikin Auta shi ne cire abin da ba a so a ji. Tarin mai gabatar da shiri, kukan kujera, numfashin baƙon da ya cika kusantar makirfo. Sai dai tana da wata ɗabi'a da abokan aikinta ke yi mata dariya a kai: ba ta zubar da hayaniya sai ta ware ta gefe ta saurare ta ita kaɗai. Tun tana ƙarama Yaya ya raɗa mata Kunnuwa, don babu abin da ake raɗawa a gidan bai shiga kunnenta ba.

Da safen nan Yaya ya aiko mata saƙon murya, kamar yadda ya saba. Bai taɓa yarda da kiran bidiyo ba, kullum sai ya ce wayarsa ta lalace ko aiki ya sha kansa. Ya jero mata tambayoyin da yake zaton za a yi mata, ya ce ta kalli idon kyamara, kada ta kalli fuskarta, ta sha ruwa kafin ta fara. Amma akwai wani gurnani a ƙarƙashin muryar da ya hana ta jin ƙarshen maganar. Sai ta ɗora saƙon a kwamfutar aiki, ta sa lasifikar kunne, ta ware muryar gefe guda, hayaniyar gefe guda.

Ta danna hayaniyar.

Fanka ce, tsohuwa, mai lanƙwasasshen fiffike. Ƙas, ƙas, ƙas. Can nesa kuma wani inji yana mutuwa, yana ƙarewa da siririn kuka kamar na ɗan kyanwa. Sai aka ƙwanƙwasa katako da bayan yatsa, irin yadda ake yi in ana son a ji ko ya bushe. Sai gyaran murya.

Auta ta cire lasifikar ta ajiye, tana kallonta kamar za ta motsa.

Ta san wannan gyaran muryar. Da shi ake tashinta sallar asuba tun tana yarinya. Ta san injin, na goge katako ne na shagon Baba, bel ɗinsa ya saki tun tana makarantar firamare, Baba ya ƙi canza shi.

Ta ce wa kanta ai kafintoci sun cika duniya. Can ma ana yin kujeru. Ta koma baya ta buɗe tsofaffin saƙonni. Na farko-farko shiru ne tsit a bayansu, shirun da ya yi yawa, babu mota, babu taku, babu iska. Ta zo kan na bara, wanda Yaya ke ba ta labarin dusar ƙanƙara ta rufe masa taga har ba ya ganin titi. Ta ware hayaniyar.

Ƙas, ƙas, ƙas.

Fanka a cikin dusar ƙanƙara.

Mai karanta labarai ya leƙo da kofin shayi a hannu, yana tsokanarta wai in ta tafi kada ta manta shi da rigar sanyi, ko ba zai sa ba zai rataye ta a ofis a san yana da mutum a waje. Da ya ga fuskarta sai dariyar ta tsaya masa.

"Kunnuwa, lafiya? Kamar kin ga fatalwa."

"Ji na yi," ta ce, ta ɗauki jakarta.

*

A hanya kalmar nan "waje" ce ke ta yi mata amo. Duk unguwa sun san ta. In aka tambayi Baba ina babban yaronsa, sai ya gyara zama ya ce yana waje. A wurin ɗaurin aure, a bakin masallaci, a gaban masu sayen gado da kabad. Mutane su gyaɗa kai, su ce Allah ya ƙara ɗaukaka, su koma gida su zagi nasu 'ya'yan. Babu wanda ya taɓa tambayar me ya sa ba a ganin sabon hotonsa, ko me ya hana shi zuwa hutu ko sau ɗaya. Haka muke. In labari ya yi mana daɗi ba ma ɗaga shi mu ga ƙasansa. Ita kanta Auta, mai kunnen da ke jin numfashin baƙo, ba ta tambaya ba. Ta gina burinta kacokan a kan wannan kalma.

Ta tarar da Baba shi kaɗai a shago, fensir a bayan kunne, ƙusoshi a baki, yana haɗa ƙafar tebur. Ta gaishe shi a tsaye. Ya amsa ta hanci, ya ce in maganar intabiyu ce ta kawo ta, ya riga ya gama magana.

Ta ɗora wayarta a kan katakon da yake aiki, ta danna.

Fankar ta fara. Injin ya yi kukansa. Aka ƙwanƙwasa katako. Da gyaran muryar ya fito, sai Baba ya zare ƙusoshin daga bakinsa ɗaya bayan ɗaya ya jera su a gefen tebur.

"Baba, ina Yaya?"

"Yana waje."

"Wane wajen?"

Ya ɗauki tsumma ya goge hannun da babu komai a kansa. Ya daɗe yana gogewa.

"Ban taɓa yi wa kowa ƙarya ba," ya ce. "Ban taɓa cewa ƙasar waje ba. Waje na ce. Ai ba ya cikin gida."

Sai a lokacin ta ji fankar, ba daga waya ba. Ƙas, ƙas, ƙas, daga bayan jerin katakon da aka jingine a bango, inda ƙaramar ƙofar ɗakin mai gadi take. Mai gadin da Baba ya ce ya ɗauka saboda ɓarayi, wanda ke barci da rana shi ya sa ba a ganinsa. Sau nawa Umma ta ba ta kular abinci ta ce ta biya ta ajiye wa mai gadi? Sau nawa ta ajiye a kan bencin bakin ƙofar nan, ta ce sannu da aiki, ta wuce ba ta jira amsa ba?

Baba ya ce kada ta shiga. Bai tare ta ba.

*

Ɗakin siriri ne, an toshe tagarsa da falanki. Gado ɗaya, tebur ɗaya, littattafai jibge har ƙasa. A kan ƙusa an rataye wata ƙatuwar rigar sanyi, ƙurar katako ta kwanta mata a kafaɗu. Akwai wata ƙofar a ɗaya bangon, mai fita lungun baya, sakatarta ta yi tsatsa.

Mutumin da ke zaune a bakin gado ya ɗago. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, furfura ta fito masa a gemu tun lokacinta bai yi ba. Muryar ce kawai ba ta canza ba, muryar da ta kwana tana ji a kunnenta shekara da shekaru.

"Kunnuwa," ya ce. "Kin daɗe."

Ta zauna a ƙasa.

"Da can ina kashe fankar kafin in yi miki saƙo," ya ce. "Daga baya na daina. Na ce in dai ke ce, wata rana za ki ji."

Ya ba ta labarin yana kallon tafin hannunsa, a hankali, kamar labarin wani ne. Ya ce sanyin farko ne ya fara. Rana ta riƙa faɗuwa tun bai gama cin abincin rana ba. Barci ya ƙaurace masa, daga baya kuma ya zama ba ya iya tashi. Ya daina zuwa ɗakin bincike, ya daina buɗe ƙofa in an ƙwanƙwasa. Babu wanda ya zage shi, babu wanda ya wulaƙanta shi, shi ya sa ma ya rasa sunan da zai ba abin. Ya kira Baba ya ce ba zai iya ba. Baba ya ce masa shi namiji ne, an biya masa komai, me ya rasa, unguwa gaba ɗaya shi take kallo. Daga nan bai sake faɗa wa kowa ba. Wata safiya ya bar ɗakinsa yadda yake, da littattafai a buɗe da kofi a kan tebur, ya hau jirgi. Bai sallami jami'a ba, bai sallami gidauniya ba. Ya iso shagon nan da rigar da ke rataye. Baba ya ce ya huta a nan na ɗan kwana biyu, kada Umma ta gan shi a haka.

"Kwana biyun ne ba su ƙare ba," ya ce, ya yi ɗan murmushi.

Baba yana tsaye a bakin ƙofa. Ya ce yanzu ta ga dalilinsa. Ya ba mutanen can yaro mai dariya, mai cin kwano biyu, suka dawo masa da wannan. Ita ma ya ba su?

"Ba su ne suka rufe shi a nan ba, Baba."

"Ƙofar ba ta da kwaɗo."

"Gaskiya ne," in ji Yaya. "Ba ta buƙata."

Auta ta miƙe. Ba ta taɓa ɗaga wa Baba murya ba, yau ma ba ta ɗaga ba, amma kowace kalma ta fito da zafinta. Ta ce wannan ciwo ne, yana da suna, yana da likita, yana da magani, kamar hawan jinin da Baba ke shan ƙwaya a kansa kullum ba ya jin kunya. Ta ce da ƙafa Yaya ya karye da tuni an kai shi asibiti, an cika gida da masu dubiya. Baba ya ce ita yarinya ce, ba ta san bakin mutane ba. Ranar da aka gan shi a layin likitan ƙwaƙwalwa, sunan ya bi shi ke nan har kabari, ya bi ta ita ma, ya bi 'ya'yan da ba ta haifa ba. Ya ce rufa masa asiri ya yi.

"Asirin wa?" ta ce.

Fankar ta ci gaba da ƙas, ƙas.

Yaya ya juyo wajen Auta. Ya tambaye ta ko ta bi maganarsa. Tun tana rubuta bayanin kanta na neman tallafin ya ce mata ta rubuta komai amma kada ta ambace shi. Ita kuwa ta ɗauka kawaici ne irin nasa.

"Kin sa ni?"

"Da kai na buɗe," ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Na ce yayana ya samu tallafinku, yana can yana ƙarasa digirinsa na uku. Na ce kai ne ka nuna min ana iyawa."

Yaya ya rufe ido. Ba sai ya yi mata bayani ba. Gidauniya ɗaya ce. Sun san ya ɓace. In ta maimaita abin da ta rubuta, maƙaryaciya ce a idonsu, tallafin ya tafi. In ta faɗi gaskiya, abin da Baba ya yi shekaru yana tokarewa da kafaɗarsa ya rushe a gaban baƙi.

Sai aka yi sallama a cikin shago.

Umma ce, da kula a hannu. Ta ce ta jira Auta ta biyo ta ɗauki abinci ba ta zo ba, ta kira gidan rediyo aka ce ta fita kamar an kore ta. Baba ya juya ya cika bakin ƙofar da jikinsa, ya fara cewa mai gadi ba ya jin daɗi, kada a dame shi.

"Matsa, Malam," ta ce.

Ya matsa.

Ta shigo ta ajiye kular a kan tebur. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati ba. Ta tsaya tana kallon ɗanta, daga furfurar gemunsa har yatsun ƙafarsa, sannan ta kai hannu ta kakkaɓe masa ƙurar katako daga gashi.

"Mai gadi," ta ce. "Mai gadin da ke tsince albasa yana jerawa a gefen kwano. Ni na haife shi, Malam. Tun kwanon farko da ya dawo na sani."

Baba ya dafa bango.

Umma ta ce ta yi shiru ne tana jira a faɗa mata. Ta ga mijinta yana ɗauke da abu mai nauyi, ta ce kada ta ƙara masa da kunya. Abin da ta iya kawai shi ne ta daina sa albasa a nasa. Yaya ya ce ya lura, tun ranar ya san ta sani.

Auta ta dube su su uku. Kowa ya sani, kowa ya san ɗan'uwansa ya sani, kowa yana lallaɓa kowa, mutum kuma yana ruɓewa a bayan katako. Wannan shi muke kira kawaici, har mu yaba wa mai yinsa. Ta buɗe baki za ta faɗi abin da ba za ta iya mayarwa ba, sai wayarta ta yi ƙara a jaka.

Lokacin intabiyu ya yi. Gidan rediyo ya yi nisa.

Abin mamaki, Yaya ne ya fara motsi. Ya ture littattafai, ya jingina wayar a jikinsu, ya ja mata kujera. Ya kashe fankar. Ya dubi fuskarta a allon waya ya ce duhu ya yi yawa, ba za su gan ta ba. Ya nufi ƙofar lungu, ya kama sakatar da hannu biyu, ya yi ta fama har ta saki da ƙara. Hasken la'asar ya faɗo ɗakin. Ya kare idonsa da hannu, ya koma bakin gado, inda kyamara ba ta kai ba.

"Kalli idon kyamara," ya ce. "Kada ki kalli fuskarki."

Ta danna.

Fuskoki uku suka bayyana. Maza biyu, da wata dattijuwa mai farin gashi da tabarau a rataye a wuya. Da dattijuwar ta yi gaisuwa, Auta ta ji gadon ya yi ƙara a gefenta. Kunnenta ya gaya mata numfashin Yaya ya tsaya.

Dattijuwar ta ce kafin su fara tana da tambaya ɗaya wadda ba ta cikin tsari, abokan aikinta sun yi mata izini. Ta ce ta karanta farkon bayanin Auta ya fi a ƙirga. Ita ce malamar da ke duba binciken yayanta. Ta ce ta neme shi a asibitoci, ta je wurin 'yan sanda, ta yi ta kiran lambar da ba a ɗauka. Teburinsa yana nan, ba ta bari an ba kowa ba. Ta cire tabarau ɗin daga wuyanta ta riƙe a hannu, ta ce ba tana tambayar ko ya gama karatu ba ne, wannan ta san amsarsa. So take ta sani ko yana raye.

Daga bakin ƙofar shago Baba yana girgiza mata kai. Leɓɓansa suna haɗa kalmar nan ba tare da sauti ba, kalmar da ya rayu a cikinta shekaru.

Auta ta kalli idon kyamara.

"Yana raye," ta ce da harshensu. "Abin da na rubuta ba gaskiya ba ne, yau na sani. Bai da lafiya. Yana nan."

Ta ɗauki wayar ta juya ta wajen gado.

Babu kowa. Shimfiɗar ta lotsa inda ya zauna. Ƙofar lungu tana lilo a hankali, takalman Umma suna nan a bakinta, ɗaya a kife. Ita da ke jin komai, ba ta ji fitarsu ba.

Dattijuwar tana magana daga cikin wayar, tana tambaya ko Auta na jin ta, ko layin ne ya yanke. Ɗaya daga cikin mazan ya ce lokacinsu ƙayyadadde ne, akwai masu jira.

Baba ya tako ya kama gefen ƙofar lungun da hannu biyu, yana leƙen titin da ya cika da mutane, masu dawowa daga aiki, masu sayayya, maƙwabtan da suka san fuskar ɗansa.

"Baba," ta ce, "ina yake?"

Bai juyo ba. Muryarsa ta fito a tsage, kamar katakon da aka buga wa ƙusa a gefe.

"Yana waje."